Wa Aka Bari a Baya? Tarihin Aikin Sa Kai a Garin Lamu



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka, 'yan'uwana matasa, a wannan karon tarihi za mu taɓa, kuma tafiyar mai ɗan nisa ce, domin za ta kai mu gabashin Afirka, bakin Tekun Indiya, zuwa wani ƙaramin gari na Musulmi mai suna Lamu.

Gabatarwa

A matsayina na mai koyarwa a Islamiyya, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, tsofaffin ɗalibai kan same ni da shawarar kafa ƙungiyar taimakon al'umma. Niyyarsu kyakkyawa ce, ƙarfin jiki kuma akwai shi. Sai dai duk wanda ya daɗe a unguwanninmu ya san inda maganar takan ƙare. A yi taron ƙaddamarwa, a naɗa shugaba da sakatare da ma'aji, a buga kalanda, a yashe kwata sau ɗaya ko sau biyu, daga nan shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Wannan ya sa na daɗe ina juya wata tambaya a raina: me ke sa wani aikin alheri ya haura shekara ɗari yana tafiya, wani kuma ya mutu tun fentin allon ƙungiyar bai gama bushewa ba? A tarihin Lamu na ga amsar da ta fi gamsar da ni, shi ya sa na ga ya dace in kawo muku shi dalla-dalla.

Ina ne Lamu?

Lamu tsibiri ne a arewacin gaɓar tekun ƙasar Kenya, ba nisa da iyakar Somaliya, yana maƙwabtaka da tsibiran Manda da Pate. Garin da ke kansa, wanda shi ma sunansa Lamu, an shafe fiye da shekara 700 ana zaune a cikinsa ba yankewa. Mutanensa Suwahilawa ne, Musulmi, galibinsu mabiya mazhabar Imamu Shafi'i. Da dutsen murjani da ake samu a teku suka gina gidajensu, suka yi azara da itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin gaɓa, wanda suke kira mikoko. Lungunan tsohon garin ƙuntatattu ne ƙwarai, mota ba ta iya ratsa su, saboda haka tun fil azal jaki ne abin sufuri a tudu, jirgin katako mai tafiya da iska kuma a ruwa.

Iskar teku ce ta gina arzikin garin. Daga wajen watan Disamba takan kaɗo daga arewa maso gabas, ta turo jiragen fatake daga ƙasashen Larabawa da Indiya. Daga wajen Afrilu kuma sai ta juya, ta mayar da su gida ɗauke da itacen mikoko da hauren giwa da hatsi. Wajen shekarar 1812 mutanen Lamu suka ci galabar rundunar Pate da Mombasa a yaƙin da aka gwabza a rairayin Shela, ƙauyen da ke kudancin garin. Bayan wannan nasara aka gina ƙaton sansanin tsaro na garin tsakanin 1813 da 1821, da taimakon Sarkin Oman, Sayyid Sa'id. Daga nan Lamu ta shiga zamaninta na wadata, wanda ya ɗauki mafi yawan ƙarni na 19.

Gari mai hawa-hawa

To, amma wadatar nan a kan wuyan wa ta tsaya? A kan wuyan bayi. Su ne ke noma manyan gonakin attajiran Lamu a tsibirin da kuma can tudu, a tsallaken ruwa. Shi kansa garin a rabe yake hawa-hawa. A sama akwai waɗanda ake kira waungwana, wato 'ya'ya masu asali, mazauna gidajen dutse, waɗanda sarauta da limanci da ilimin addini duk ke hannunsu. A ƙasa kuma akwai bayi da 'yantattu da baƙi matalauta, mazauna ɗakunan laka masu rufin ganyen kwakwa a gefen gari, musamman unguwar Langoni. Cikin waɗanda aka fi renawa akwai wagema, masu hawa bishiyar kwakwa su tatso ruwanta. Da yake ruwan nan idan ya kwana yakan zama bammi, sai aka riƙa yi musu kallon mutanen da ba su cancanci sahun gaba ba.

Mai karatu ya lura, duk waɗannan mutane Musulmi ne, alƙiblarsu ɗaya. Masu gidajen dutse kuma ba marowata ba ne, sun gina masallatai a unguwanninsu, sun haƙa rijiyoyi, sun bar waƙafi. Amma alherin nasu yana da iyaka, kuma iyakar ita ce asali. Ilimi mai zurfi gado ne na wasu gidaje, ɗan mai hawa kwakwa kuwa ya samu abin da zai yi salla ya ishe shi. Wannan cuta ce da mu ma ba baƙuwarmu ba ce, domin har gobe akwai gidajen da sai sun bincika ko kakan yaro bawa ne ko mahauci kafin su ba shi aure.

Zuwan Habib Salih

Cikin wannan yanayi wani matashi ya sauka a Lamu daga tsibiran Komoros. Sunansa Salih bin Alawi Jamalul Laili, mutanen gaɓar kuma suna kiransa Habib Swaleh. An haife shi a 1853, zuriyarsa sharifai ne 'yan asalin Hadramaut ta ƙasar Yaman, kuma ya zo ne wurin baffansa, wanda malami ne a garin. Ya yi karatu a gaban malaman Lamu har ya zama abin nuni a ilimi, ya kuma ƙware a maganin gargajiya na itatuwa da saiwoyi.

Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne zaɓin da ya yi. Mutum ne sharifi, malami, wanda ƙofar kowane gidan dutse a buɗe take gare shi. Da ya so, da ya zauna cikin manya, ya koyar da 'ya'yansu, ya ci daɗinsa har ya koma ga Mahaliccinsa. Sai ya fita gefen gari, ya zauna a ɗakin laka cikin talakawa, ya buɗe karatu ga masu hawa kwakwa da 'yantattun bayi da baƙin da ba su da kowa. Wanda ya zo da jahilci a koya masa, wanda ya zo da ciwo a ba shi magani. Ɗan ƙaramin gidansa yana nan har yau kusa da masallacinsa, maziyarta na zuwa suna gani.

Manyan gari ba su ji daɗin wannan ba, sun kuma nuna masa adawa a fili. Ai dama duk wanda ya ɗaga na ƙasa, na sama zai ga kamar shi aka sauke. Bai bar aikin ba, bai kuma bar garin ba. Wajen shekarar 1900 ya gina masallaci da makarantar da ya sa wa suna Riyadha, sunan da ya aro daga masallacin Riyad na garin Sai'un a Hadramaut, na Habib Ali bin Muhammad al-Habshi, wanda ya rasu a 1915. Duk lokacin da na zo nan a tarihin, sai in tuna sababin saukar farkon Suratu Abasa, inda aka ja hankalin Manzon Allah (SAW) zuwa ga makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo neman sani a daidai lokacin da ake ganawa da manyan Ƙuraishawa.

A 1907 Turawan Ingila suka soke halaccin bauta a gaɓar Kenya. Doka ta ba bayi 'yanci, amma ba ta ba su gona ba, ba ta ba su ilimi ba, ba ta kuma ba su daraja a idon tsofaffin iyayengijinsu ba. A wannan tsaka mai wuya, akwai ƙofa ɗaya da ta riga ta saba karɓar su, ita ce Riyadha. Makarantar ta riƙa saukar ɗalibai daga sassan gaɓar Kenya da Tanzaniya da Somaliya da Komoros, su yi karatu su koma garuruwansu su buɗe nasu makarantun. Habib Salih ya rasu a 1935, Allah ya jiƙansa, 'ya'yansa da jikokinsa da almajiransa suka ci gaba. Littattafan rubutun hannu da aka tara a masallacin kuwa, a farkon shekarun 2010 an ɗauki hotunansu ƙarƙashin wani shiri na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, aka ɗora su a intanet.

Maulidin Lamu da abin da ke kewaye da shi

Babban taron shekara na garin shi ne Maulidin Riyadha, wanda ake yi a makon ƙarshe na watan Rabi'ul Awwal, ana karanta littafin maulidi na al-Habshi mai suna Simtud Durar. Dubban baƙi kan cika tsibirin daga ƙasashen gabashin Afirka da ma wajenta. Ana yin musabaƙar Alƙur'ani, da tseren jiragen ruwa, da tseren jakuna, da gasar ninƙaya, da rawar sanda ta dattawa, da jerin gwano zuwa maƙabartar da Habib Salih yake kwance.

Na san da jin kalmar maulidi wasu masu karatu sun gyara zama, wannan ya zaro hujjar halasci, wancan ya zaro ta bidi'a. Ku sani saɓanin nan can ma akwai shi, kuma tsoho ne. Tun Habib Salih na raye aka soki shigar da bandiri cikin masallaci. Daga baya manyan malamai irin su Shaikh al-Amin bin Ali Mazrui, wanda ya rasu a 1947, da Shaikh Abdallah Saleh al-Farsy, mai fassarar Alƙur'ani da Suwahilanci, wanda ya rasu a 1982, waɗanda dukansu sun riƙe muƙamin Babban Alƙalin Musulmi na Kenya, sun yi rubuce-rubucen gyara kan al'adun da suke ganin an cusa cikin addini. Wannan mas'ala tana da malamanta da littattafanta, kowa ya koma gare su. Abin da nake so mu duba a nan daban ne, kuma ya shafi mai yi da marar yi.

Ƙaramin gari ne ke karɓar baƙin da suka kusa rinjayar mazaunansa. Wa ke saukar da su? Wa ke ciyar da su? Mutanen gari ne ke buɗe gidajensu, mata su kwana a gindin murhu, samari su yi jigilar kaya daga bakin ruwa, masu hali su kawo shinkafa da dabbobi. Fiye da shekara ɗari ana wannan, har kowane gida ya san nasa aikin ba sai an aiko masa da takarda ba. Daɗin daɗawa, a zamanin nan an ɗora wani abu a kan wannan tsari: likitoci da ma'aikatan jinya masu aikin sa kai kan zo a makon taron su buɗe asibitin wucin gadi, su duba marasa lafiya su ba da magani kyauta. Mutumin ƙauye da ba shi da kuɗin zuwa asibitin Mombasa ya san akwai mako guda a shekara da likita zai zo inda yake. Gadon mai magani ne ya sake tsirowa da sabuwar kama.

Adalci ya sa in ƙara da wannan. Wani masanin halayyar al'umma ɗan ƙasar Masar, Abdul Hamid el-Zein, wanda ya zauna a Lamu ya kuma wallafa bincikensa a 1974, ya nuna cewa bayan rasuwar Habib Salih, su kansu sharifan Riyadha sun zama wani sabon hawa na masu daraja a garin. Ko mutum ya yarda da duk abin da ya faɗa ko bai yarda ba, gargaɗin a fili yake: gidan da aka gina don rushe shinge yana iya wayar gari ya zama shinge, idan magada suka riƙe sunan suka saki manufar.

Talaucin da ya tsare gari, da asibitin jakuna

Soke bauta ya karya gonakin attajirai. Layin dogo da Turawa suka shimfiɗa daga Mombasa zuwa Tafkin Biktoriya tsakanin 1896 da 1901 kuma ya janye ciniki zuwa Mombasa. Lamu ta koma gefe, aka manta da ita. Sansanin tsaron nan da aka gina lokacin wadata ya zama kurkuku daga 1910 har zuwa 1984. Ikon Allah, wannan mantuwa ita ta tsare garin, domin babu mai kuɗin rushe tsohon gida ya gina bene na siminti. Da aka zo 2001 sai hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Lamu cikin wuraren tarihi na duniya, a matsayin garin Suwahilawa mafi daɗewa da ya wanzu da kamanninsa. A shekarar ce kuma aka fara bikin al'adun Lamu na shekara-shekara. Tsohon kurkukun ma yanzu gidan tarihi ne, da ɗakin karatu a ciki.

A garin da dubban jakuna ke ɗaukar yashi da dutse da ruwa da kayan masarufi, lafiyar jaki ita ce abincin gidan mai shi. A 1987 wata Baturiyar Ingila, Dakta Elisabeth Svendsen, ta buɗe asibitin jakuna a bakin ruwan Lamu. Ita ce ta kafa gidauniyar kula da jakuna da ke Sidmouth, wanda shi ma ƙaramin gari ne a bakin teku a kudancin Ingila. A asibitin ana duba jaki kyauta, a wanke masa gyambo, a ba shi maganin tsutsar ciki, a koya wa mai shi yadda zai ɗaura kaya ba tare da ya ji masa ciwo ba, har gasa akan shirya ta jakin da ya fi samun kulawa.

Wani zai yi dariya, ya ce mutane ba su gama samun magani ba sai jaki? Ni kuwa ina ganin mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan aiki. A cikin ingantattun hadisai na Bukhari da Muslim an ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, da mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Mutanen Lamu ba su ce ba za su karɓi alheri ba don ya fito daga hannun wadda ba addininsu ɗaya ba. Sun karɓa, 'ya'yansu suka shiga aikin, ya zama nasu.

Masunta a gaban kotu

Ƙarni na 21 ya zo wa Lamu da jarrabawa irin wadda ba ta saba gani ba. A watan Maris na 2012 shugabannin Kenya da Habasha da Sudan ta Kudu suka hallara a yankin suka ƙaddamar da wani gagarumin shiri na gina sabuwar tashar jiragen ruwa, da hanyoyin da za su haɗa ta da waɗannan ƙasashe. Gina tasha yana buƙatar yashe ƙasan teku da sare itatuwan mikoko, wuraren da kifi ke hayayyafa, inda masunta suka gaji kamun kifi kaka da kakanni. Ba a jima ba kuma aka zo da shirin gina tashar lantarki mai aiki da kwal, mai ƙarfin megawat 1,050, a wani wuri da ake kira Kwasasi, a tsallaken ruwa.

Tun ana shirin tashar jiragen ruwan ne ƙananan ƙungiyoyin gari, na masunta da manoma da mata da matasa, suka dunƙule cikin gamayyar da suka kira Save Lamu, wato a ceci Lamu. Ba su ɗauki makami ba, ba su ƙona taya ba. Sun bi ƙauyuka suna wayar da kai, suka tattara bayanai, suka nemi lauyoyi da masana, suka shiga kotu. Hujjarsu ita ce tsarin mulkin Kenya na 2010 ya wajabta a ji ta bakin jama'a kafin a yi aikin da zai taɓa rayuwarsu, su kuwa ba a ji tasu yadda ya kamata ba.

Ƙarar da aka shigar kan tashar jiragen ruwa a 2012, sai a 2018 Babbar Kotu ta yanke hukunci a kanta, ta ba da umarnin a biya masunta kimanin 4,600 diyyar shilin biliyan 1.76. Biyan kuɗin ma ya sake cin wasu shekaru, tashar kuma ta fara aiki a watan Mayu na 2021. Batun kwal kuwa, ranar 26 ga Yuni, 2019, kotun muhalli ta ƙasa ta soke lasisin aikin, bisa dalilin cewa ba a tuntuɓi jama'a yadda doka ta tanada ba, kuma binciken illar aikin ga muhalli bai cika ba. A 2020 babban bankin ƙasar Sin da ake sa ran zai zuba kuɗi ya janye, tashar kwal ɗin kuma ba a gina ta ba. Ku duba fa, shekara shida ana zaryar kotu kan ƙara ɗaya. Ƙungiyar da aka kafa don ɗaukar hoto ba za ta kai ko zama na uku ba.

Jirage biyu

A watan Yuni na 2014 'yan bindigar al-Shabab suka kai hari garin Mpeketoni da ke tudun gundumar Lamu, suka hallaka gomman mutane. Aka sa dokar hana fita da dare, masu yawon buɗe ido suka ƙaurace, ƙauyukan da ke kusa da iyakar Somaliya suka rasa ma'aikatan lafiya. Wata 'yar asalin yankin mai suna Umra Omar, wadda ta yi karatu a Amurka, ta dawo gida ta kafa ƙungiyar Safari Doctors a 2015. Tsarinsu mai sauƙi ne: a loda magunguna da ma'aikatan jinya a jirgin ruwa, a bi tsibirai da ƙauyukan bakin daji a kai a kai, a yi wa yara rigakafi, a duba masu juna biyu. A 2016 gidan talabijin na CNN ya sanya ta cikin gwarazansa goma na shekara.

Jirgi na biyu na shara ne. Igiyar ruwa kan kwaso robobi da tsofaffin silifas ta zube su a gaɓar Lamu. Masu aikin sa kai suka riƙa tsince su, aka narkar da robobin aka yi allunan gini da su, wani gwanin sassaƙa jirage ɗan garin, Ali Skanda, ya haɗa jirgi irin na gargajiya wanda bai wuce mita 10 ba, aka lulluɓe shi da silifas kimanin 30,000. Sunansa Flipflopi. A farkon 2019 ya tashi daga Lamu zuwa Zanzibar, tafiyar kusan kilomita 500, yana yada zango a garuruwan gaɓa ana yi wa 'yan makaranta bayanin illar zubar da roba a teku. Sana'ar kakanni ce aka ɗauko aka magance matsalar jikoki da ita.

Kammalawa

Idan muka jera waɗannan ayyuka, daga ɗakin lakar Habib Salih zuwa jirgin magunguna, za mu ga kamanninsu sun bambanta, masu yin su ma ba duka ra'ayinsu ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya faro ne daga tambaya guda: wa aka bari a baya? A wani zamani amsar ita ce ɗan mai hawa kwakwa, a wani zamani jakin da ke ɗaukar yashi, a wani kuma masuncin da ba a gayyace shi taron da aka yanke hukunci kan ruwansa ba. Mu kuwa sau da yawa mukan fara da tambayar wa zai zama shugaba, shi ya sa da an gama rabon muƙamai sai aikin ya ƙare, tun da dama abin da aka taru a kansa ke nan.

Abu na biyu, kowane aiki da ya ɗore a Lamu yana da tabbataccen wuri da tabbataccen lokaci. Riyadha tana nan inda take, makon taro sananne ne, asibitin jakuna ƙofarsa a buɗe take, jirgin magunguna yana da ranakun zuwansa. Mabuƙaci ya san inda zai je da ranar da zai je. Wannan ya dace da abin da muka koya a hadisi, cewa aikin da ya ɗore, ko da kaɗan ne, ya fi soyuwa a wurin Allah. Abu na uku, kowa ya zo ne da abin da ya ƙware a kai, mai magani da maganinsa, lauya da dokarsa, masassaƙi da gizagonsa. Kyakkyawar niyya ita ce tushe, amma ita kaɗai ba ta ɗinke rauni.

Malamanmu na fiƙihu sun kira irin waɗannan ayyuka farali kifaya: idan wasu suka yi an sauke wa kowa, idan kowa ya bari kowa ya ɗauki laifi. Iyayenmu kuma sun san shi da aikin gayya, suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka shawarata ga duk matashin da ke shirin kafa ƙungiya ita ce, kafin a zaɓi suna, a zagaya unguwa da ƙafa a gano wanda ba ya cikin lissafin kowa. Wataƙila almajirin da ke kwana da zazzaɓi a zaure ne, wataƙila tsohuwar da ba ta da mai ɗebo mata ruwa, wataƙila kurman da bai taɓa fahimtar huɗubar Juma'a ba. A zaɓi abu ɗaya, a sa masa rana a mako, a riƙe ranar nan ko mutum uku ne suka fito. Sa'o'in da muke ƙonawa a intanet muna jayayya kan mas'alolin da malamai suka daɗe da bayyana matsayinsu a kai, da za a ba wannan aiki rubu'insu, da unguwanni da yawa sun canza.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikhlasi da juriya, ya sa mu zama masu amfanar bayinsa.